Jeri Ya Watse, Babu Abin da Ya Ɓata

Ya Ubangiji, ka tashe ni lafiya, na gode. Yau ƙaramar damuwa na kawo maka. Wani zai ji ya yi dariya. Amma kai ka saba jin ƙananan damuwoyina, ba ka taɓa gajiya da su ba.

Salulata ta sabunta manhajarta cikin dare. Da na buɗe wurin hotuna, sai na tarar komai ya sauya. Rukunonin da na ware da hannuna babu su. A da, na gona daban, na iyali daban, na yaran da suka tafi cin rani daban, na waɗanda suka riga mu gidan gaskiya daban. Yanzu duk sun cakuɗe wuri guda.

Hoton sunan jikata yana kusa da hoton yayana na ƙarshe, kwance a gadon jinya. Kasuwar Tasawa ta faɗo tsakiyar bikin da aka yi a Kanambakashe. Wasu ma an rubuta musu 1 ga Janairu 1970, alhali yaran da ke cikinsu ba su kai shekara goma ba.

Raina ya ɓaci ƙwarai, ya Ubangiji. Kai ka gani.

Na kai salular wurin wani saurayi mai gyaran waya a bakin kasuwa. Ya duba, ya ɗago kai ya ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Babu wanda ya ɓata. Jerin ne ya watse."

Ya yi mini bayani a tsanake. Kowane hoto, in ji shi, yana ɗauke da ranar da aka ɗauke shi, a rubuce cikinsa inda ido ba ya gani. Akwai kuma ranar da aka kwafe shi daga tsohon memori zuwa sabuwar waya. Manhaja takan bar ta fari ta bi ta biyu. Hoton da aka turo ta saƙo kuwa sau da yawa yakan zo babu ranarsa ta asali. Idan na'ura ta rasa rana gaba ɗaya, sai ta koma 1970, domin daga nan irin waɗannan na'urori suke fara ƙidayar lokaci. Rukunonina kuma jerin sunaye ne kawai da tsohuwar manhaja ta riƙe. Da ta tafi, ta tafi da jerin, ta bar hotunan.

Na ce masa, "Allah ya yi maka albarka, ɗana." Na dawo gida da maganarsa a zuciyata.

Yanzu ina tambayar kaina a gabanka. In babu abin da ya ɓata, me ya tayar mini da hankali haka?

Ina jin na gane. Jerin nan yana sa in ji kamar kwanakina suna bin tsarin da na yi musu. Na ba farin ciki ɗakinsa. Na ba baƙin ciki nasa ɗakin, na ja ƙofa. Idan ina son dariya, na san inda zan taɓa. Idan ba na son hawaye, na san inda zan kauce.

Amma ba haka ka ba ni kwanakin ba. A haɗe ka ba ni su. Makon da aka raɗa wa jikata suna, a makon ne jikin yayana ya yi tsanani. Da safe muna rabon goro, da yamma muna hanyar asibiti. Ni ne na raba su daga baya.

Kai kuwa kana cikin duka biyun. Kana tsakar gida inda mata ke guɗa. Kana bakin gadon da muke riƙe da hannun mara lafiya. Alherinka bai ragu a ɗaya ba don ya ƙaru a ɗayan.

Na daɗe ban kalli fuskar yayana ba. Yau na kalle ta, ga fuskar jaririya a gefenta. Zuciyata ta yi nauyi, amma ba ta karye ba. Har na sami kaina ina yi maka godiya saboda shi.

Akwai wani abu kuma da cakuɗewar ta nuna mini. Hotuna biyu na gonarmu, a hanyar Mayahi kusa da Gulbin Kaba, sun faɗo gefe da gefe. Ɗaya tsoho ne, ɗaya na bara. A tsohon, 'yan tsirrai ne da ba su kai gwiwa ba. A na bara, gawo ne tsaye, awaki na hutawa a inuwarsa.

Kullum ina gonar nan, ban ga girmansu ba. Sai da shekaru biyu masu nisa da juna suka tsaya kafaɗa da kafaɗa.

Tun shekarun 1980 manoman ƙasar Maraɗi suka fara abin da muke kira sassabin zamani. Maimakon a tumɓuke kututture, sai a bar masa 'yan rassa masu ƙarfi, a rage sauran. Saiwar tana raye a ƙarƙashin ƙasa, jira take a ƙyale ta. Da haka itatuwa suka dawo a gonaki masu faɗin kusan hekta miliyan 5 a Nijar, galibi a jihohin Maraɗi da Damagaram. Manomi ya yi sassabe. Girman kuwa daga gare ka ne, kuma a hankali ka yi shi.

Ina tunanin gawon nan, ya Ubangiji. Da damina, lokacin da kowane itace ke ado da ganye, shi zubar da nasa yake yi. Da rani, lokacin da komai ya bushe, sai ya yi kore. Baƙo zai ce lokaci ya rikice masa. Manomi ya fi sani. Ganyen da ya zuba taki ne, rana kuma tana samun hanyar isa ga hatsin da ke ƙarƙashinsa. Da rani 'ya'yansa da ganyensa su ke riƙe dabbobi. Haka wasu kwanakina suke. Ina ganin sun zo ba a kan kari ba, ashe tsarinka suke bi.

Koya wa zuciyata ta yarda da wannan. Tana son ta ga jeri tun daga farko har ƙarshe kafin ta kwanta. Kai kuwa rana ɗaya kake ba ni, sannan ka ba ni wata.

Sai na tuna da waɗanda ba su da hoto ko ɗaya. Kakannina ba su tsaya gaban mai hoto ba. Mutanen Korgom da Urafan da Maijirgi da suka sha farin 1984, nawa ne aka ɗauki fuskarsu? Uwayen da suka goya yara zuwa wurin awo a yunwar 2005, wa ya adana sunayensu duka? Babu memorin da ya riƙe su. Kai ka riƙe su. Ka san ranar kowa, da sa'arta, da abin da ya faɗa maka cikin dare.

Ni ma yawancin rayuwata ba a ɗauke ta hoto ba. Addu'ar da na yi a kan hanya babu hotonta. Ranar da ka tsare ni daga abin da ban ma sani ba, babu hotonta. Duk da haka ko ɗaya ba ta faɗi daga hannunka ba. Ba ka rikita jiya da shekaranjiya. Ba ka sauyawa cikin dare.

Zan yi abin da ya rataya a wuyana. Zan kwafe hotunan a wani memori in ajiye. Zan wanke kaɗan a kati, in rubuta suna da shekara a bayansu, domin jikoki su san fuskokin danginsu. Wannan kula ce da amanar da ka ba ni. Amma kwanciyar hankalina ba zan jingina ta a kan wannan ba. A kanka zan jingina ta.

Ka ba ni zuciya mai sauƙi yau. Idan shirina ya tafi daidai, in gode maka. Idan ya watse tun kafin azahar, in tuna kana nan kusa, in ci gaba da aikina ba tare da gunaguni ba.

Ɗan'uwa, 'yar'uwa, kafin ka fita gona ko kasuwa, kafin ki ɗora tukunya, a tsaya kaɗan. A miƙa wa Allah ranar nan yadda za ta zo, da daɗinta da ɗacinta. Shi ya san inda kowace sa'a za ta zauna, kuma ya isa a dogara gare shi.