Masu Cin Riba da Gobarar Maƙwabta

Ranar 5 ga Mayu 2018 'yan bindiga suka afka wa Gwaska a ƙasar Birnin Gwari, suka kashe mutum sama da 40. Waɗanda suka harba bindiga kowa ya tsine musu. Amma akwai wasu da bakin jama'a bai cika kaiwa kansu ba, kuma kullum ƙaruwa suke yi a ƙasar Birnin Gwari: masu jiran masifa ta faɗa wa ɗan'uwa su buɗe ciniki.

An sace magidanci, an yanke kuɗin fansa, an ba da wa'adi. Iyalinsa sun fita neman mai sayen gona ido rufe. Sai ga mai kuɗi da dillalinsa, ya taya gonar gado da abin da bai kai masarar da take bayarwa a damina biyu ba. "Alhaji, a ƙara mana, rai ne a hannun mutane." Ya kaɗa kai: "In ba ku sallama ba, ku nemi wani." Ya san babu wani. Fashi ne wannan, ko da an kira shaidu an shafa fatiha. Haka mai sayen saniya a rabin kuɗinta bai tambayi garken da ta fito ba, da mai tura jarkokin fetur daji, da mai auna zinaren da aka haƙo a bakin bindiga.

Rumawa sun yi irin wannan mutum, Markus Kirasus, wanda ya fi kowa dukiya a birnin Rum a zamaninsa. Tushen arzikinsa kadarorin mutanen da shugaba Sulla ya sa aka kashe ne, ya saye su a arha. Ya tara bayi magina sama da 500. In gobara ta tashi, sai ya taya gidan yana ci da wuta, har da na maƙwabta, mai gida na kuka ya sallama. Da haka unguwanni suka koma hannunsa. Shi ne mai cewa ba a kiran mutum attajiri sai in zai iya ciyar da rundunar yaƙi daga aljihunsa.

Ina kuɗin suka kai shi? Da su ya sayi siyasa, ya tsaya wa Yuliyas Kaisar kan basussukansa, suka raba iko su uku da Fomfe. Duk bai ishe shi ba. A shekara ta 53 kafin haihuwar Annabi Isa ya ja runduna zuwa yaƙin da babu wanda ya tsokane shi, ya gamu da mahayan Fartiya kusa da Karrai, wato Harran ta Turkiyya a yau. Sojansa wajen 20,000 suka halaka, aka kama 10,000, ɗansa ya mutu, shi ma aka kashe shi. An ruwaito cewa narkakken zinare aka ɗura wa gawarsa a baki. Shekara huɗu bayan haka Rum ta faɗa yaƙin basasa.

To, kai mai tara gonakin waɗanda aka sace, wa kake tsammanin zai nome maka su? Yaron da ka raba da gadon ubansa, ina zai dosa? Ramin zinare ko dajin Kamuku, babu na uku. Wanda ya shiga rami ƙasa ta rufta masa, wanda ya shiga daji ya dawo da bindiga, kuma ya san ƙofar gidanka da ranar da kake dawowa daga kasuwa. An yi sulhu da 'yan bindiga a 2024, an sake buɗe kasuwar kara ta Birnin Gwari, mun gode Allah. Amma wane sulhu ne zai ɗore in mutum ya koma ƙauyensu ya tarar gonarsa a hannun maƙwabci?

Dagaci ya ƙi sa hannu a cinikin gonar da aka yi cikin wa'adin fansa. Liman ya ƙi shafa masa fatiha. Sarkin kara ya tambayi asalin kowace saniya kafin a ɗaure ta a turke. Wanda kuma ya riga ya saya, ya karɓi abin da ya bayar, ya mayar wa marayu gonarsu kafin ruwan shuka ya sauka.