Ɗalibi A Ƙasar Baƙunci: Abin Riƙewa Da Abin Saki

Hausawa suna da karin magana guda biyu waɗanda in an jera su sai a ga kamar suna jayayya da juna. Ɗaya yana cewa kowane tsuntsu kukan gidansu yake yi. Ɗayan kuwa cewa ya yi in mutum ya shiga gari ya tarar kowa da wutsiya, to, shi ma ya nemi tasa ya ɗaura. Wanda yake zaune a garinsu wannan saɓani bai dame shi ba. Amma yaron da aka sallama zuwa wata ƙasa neman ilmi, tun ran da ya sauka daga jirgi tambayar tana gabansa, watau wanne zai bi daga cikin biyun, kuma zuwa ina zai tsaya?

A ɗauki misalin ɗalibin da ya tafi Azhar a birnin Alƙahira. Ya bar Kano ko Damagaram da Larabcinsa na littafi, ya sauke Ajurumiyya, ya haddace wani abu daga Alfiyyar Ibnu Malik, yana tsammanin harshe dai ba zai ba shi wahala ba. Sai ya shiga kasuwa ya ji an mai da harafin jim "ga", harafin ƙaf kuwa an haɗiye shi. Raƙumin da ya sani da jamal ya zama gamal, gahawa ta koma ahwa, gurasa kuwa aish ake ce mata. In ya yi magana da cikakken i'irabi, mai kanti ya yi murmushi kamar wanda aka karanta wa huɗuba. Ga sanyin watan Janairu mai ratsa ƙashi, ga dafaffen wake da gurasa kullum safiya a maimakon koko da ƙosai. Har a masallaci ma bai tsira ba, domin zai iya tarar da liman Bashafi'e yana ƙunutin Asuba a bayyane bayan ruku'u, alhali shi Bamalike ne, ya saba yin nasa a asirce kafin ruku'u. Duk waɗannan ƙananan abubuwa ne, amma taruwarsu ita ce take sa saurayi ya kwanta da dare yana begen gida.

Mafita ta kusa ita ce ya nemi 'yan ƙasarsu ya fake a cikinsu, wannan kuwa ba yau aka fara ba. Masanin tarihin Masar, Maƙrizi, ya ambaci makarantar Ibnu Rashiƙ ta Malikawa, wadda aka gina da dukiyar mutanen Kanem wajen shekarun 1240, suna kuma aiko mata da kuɗi. A cikin masallacin Azhar kansa, wanda aka gama gininsa a 972, an yi zamani kowace al'umma tana da sashenta da ake kira riwaƙi, inda ɗalibanta suke kwana suna karɓar rabonsu na gurasa. Akwai na Magaribawa, da na mutanen Sham, da na Turkawa, da na mutanen Jawa, da na Barnawa. A zamanin Jamal Abdul Nasir aka gina wa baƙin ɗalibai unguwa tasu, Madinatul Bu'us. Babu mai hankalin da zai zargi wannan tsari. Ran da ciwo ya kama ɗalibi, ko kuɗin gida suka yi jinkiri, ko aka aiko masa da labarin rasuwa, ɗan ƙasarsu ne zai zauna kusa da shi, ya yi masa ta'aziyya da harshen da zuciyarsa take ji.

Amma fa inuwa wurin hutawa ce. Akwai ɗalibin da zai shekara shida a Masar, daga ɗaki sai aji, daga aji sai ɗaki, hira da Hausa, tuwo da Hausawa, bai taɓa cin abinci a gidan Bamisire ba, bai san sunan maƙwabcinsa ba. In an tambaye shi halin mutanen ƙasar sai ya ba da labarin direban da ya cuce shi ko mai gidan hayan da ya riƙe masa kuɗi, ya yanke wa miliyoyin mutane hukunci da laifin mutum biyu. Wannan zalunci ne ko da bai wuce fatar baki ba, ga shi kuwa a ƙasarsu yake shan ruwa, malamansu ne suke karantar da shi. Sa'an nan akwai amanar waɗanda suka aike shi. Da littattafai kaɗai ake bukata, ai da an sayo su an kawo masa gida, kuɗin jirgi ya huta. An tura shi ne don ya ji harshen a bakin masu shi, ya ga yadda wasu bayin Allah suke tafiyar da zamansu. Wanda ya komo da takardar shaida alhali ba ya iya ciniki da Larabci, lalle ya bar rabin saƙon a hanya.

Mai ɗaura wutsiya shi ma da tasa illar. Shi ne wanda cikin shekara guda zai fara jin kunyar sunan ƙauyensu, in ya komo gida kuwa ya riƙa gyara wa tsohon malaminsa lafazi a gaban jama'a, ya manta a kan buzun wannan tsoho ya koyi baƙi da wasali.

To, ina ma'auni? Ma'aunin shi ne ɗalibi ya iya rarrabe al'ada da abin da ya fi ƙarfin al'ada, wannan kuwa shi ne darasin farko da baƙunci yake koyarwa, tun kafin a buɗe littafi. Malaman fiƙihu sun daɗe da sanin haka. Shihabuddin Ƙarafi, babban malamin Malikiyya na Masar wanda ya rasu a 1285, ya yi gargaɗi cewa in baƙo ya zo wa mai fatawa da tambaya, kada ya auna shi da al'adar garinsa, sai ya fara binciken al'adar garin mai tambayar. In har malami mai zaune a gidansa an ɗora masa wannan, ina ga ɗalibin da shi ne baƙon? Tufafi, da abinci, da yadda ake gaisuwa, da ɗaga murya wajen ciniki wanda Bahaushe zai ɗauka faɗa ne, duk waɗannan ya sake su ba tare da jin ya yi hasara ba. Ƙunutin liman ma ya bi shi da natsuwa, ya je ya karanta hujjar Shafi'awa, sai ya tarar saɓanin ya girme shi da shekaru fiye da dubu.

Wahalar tana wurin da abu biyu suka yi kama. Ɗan abin da ake miƙa wa mai gadi ko ɗan dako don jin daɗin hidimarsa kyauta ce, al'ada ta san da ita. Abin da ake cusa wa ma'aikaci don ya sa hannu a takardar da ba ta cika ba kuwa rashawa ce, ko da kowa a layin yana yi, ko da an sa mata suna mai daɗi. Haka nan in yaran unguwa suka bi shi da tsokana saboda launin fatarsa, ba a ce ya karɓi wulaƙanci da sunan al'ada ba. Yana da hakkin ya nuna ba daidai ba ne, ya kai ƙara inda ya kamata. Abin da aka hana shi kawai shi ne ya mai da ɓacin ran nan katanga tsakaninsa da dattijon da yake amsa masa sallama kowace safiya.

Ita Masar ɗin ma ta taɓa aika 'ya'yanta baƙunci, a cikinsu kuwa akwai wanda ya isa a yi koyi da shi. A 1826 Muhammadu Ali, mai mulkin ƙasar, ya tura samari wajen arba'in zuwa Faris ta ƙasar Faransa, aka haɗa su da wani matashin malamin Azhar, Rifa'a Ɗahɗawi, don ya yi musu limanci. Aikinsa ke nan, da ya tsaya a kansa ba mai ganin laifinsa. Sai ya duƙufa ya koyi Faransanci, ya shekara biyar yana kallo yana rubutawa, kamar yadda malaminsa Shaihu Hasan Aɗɗar ya yi masa wasiyya. A littafinsa Takhlisul Ibriz, wanda aka buga a 1834, ya bayyana har yadda suke zama a kujera su ci abinci da wuƙa da cokali mai yatsu. Ya yaba musu son ilmi da tsarin shari'arsu, ya fassara tsarin mulkinsu zuwa Larabci. Ya kuma kushe musu rowa, da sakacin mazansu wajen kishi, da dogaron masanansu ga hankali shi kaɗai a kan al'amuran addini. Ya komo gida a 1831 da rawaninsa, a 1835 kuma ya buɗe Makarantar Harsuna a Alƙahira, inda shi da almajiransa suka juya littattafai masu yawa na tarihi da labarin ƙasa da kimiyya zuwa Larabci.