Wa zai ƙwanƙwasa ƙofar tsoho?

A watan Agustan 2003 zafi ya kashe mutum kusan 15,000 a Faransa, mafi yawansu tsofaffi, wasu su kaɗai a ɗaki. Jikin tsoho ba ya saurin yin gumi, ƙishirwa ma ba ta kama shi da wuri, sai ruwan jikinsa ya ƙare bai ankara ba. Daga 2004 doka ta wajabta wa kowane magajin gari ya buɗe rajistar tsofaffi masu rauni, a riƙa kiran su a waya idan zafi ya tsananta. Gidajen kula da tsofaffi kuma dole su tanadi ɗaki mai sanyi.

Na yaba da tsarin, amma rajista za ta iya sauke haƙƙin maƙwabtaka? A dokar 2004, sai tsoho ya nema, ko wani ya nema masa, ake rubuta sunansa. Wanda ba shi da kowa, shi ake tsallakewa.

Mu a Sahel muna tinƙaho da zumunci, alhali matasa sun tafi ci-rani, zafi kuma ya kai digiri 48.5 a Kayes ta Mali a Afrilun 2024. Hukuma ta ƙirga tsofaffinta, ta gargaɗe su da wuri. Leƙa su da tsakar rana da kai musu ruwa, wannan namu ne.