Shin Kufai Yana Da Hakki?

Na san wasu daga cikin 'yan'uwana ɗalibai, watakila har da malamanmu, za su ce me ya kai wannan zancen gidan wasan yara, alhali ga manyan matsaloli jibge a gabanmu? Ina roƙo a yi haƙuri a bi ni sannu. Tambayar da nake so mu duba ita ce: in mutum ya mallaki wuri, ya gina abu a kai, jama'a suka saba da abin har ya shiga ransu, sa'an nan abin ya mutu ya bar ɗan kufai, shin mai wurin yana da ikon share kufan yadda ya ga dama, ko kuwa akwai wani hakki a wuyansa wanda ba a rubuta cikin takardar fili ba?

Wurin da ya jawo mini wannan tunani shi ne Disneyland, watau babban dandalin wasanni da Walt Disney ya buɗe a garin Anaheim na Jihar Kalifoniya, ƙasar Amurka, ran 17 ga Yuli, 1955. A shekarar 2014 na yi ɗan zama a can wajen wani kwas, ina haya a gidan wani dattijo Ba'amurke. Wata Asabar ya ce in zo ya kai ni. Na ɗauka lilo da majaujawa zai nuna mini. Ashe ba haka ba ne. Muka ratsa cikin taron yara da hayaniya, bai ko waiwayi abin hawa ɗaya ba, har muka isa gindin wani ɗan tudu da itatuwa suka rufe. Ya nuna da sandarsa ya ce, "Ɗana, duba can sama." Da ƙyar na hango wani ɗan gidan katako, irin ginin ƙauyukan Suwizalan, an tare matakalarsa, ba kowa ciki.

Wannan gida tasha ce ta wani abin hawa da ake kira Skyway. Wasu guguna ne da aka rataya a jikin igiyar ƙarfe, mutane su shiga, a ja su ta sama daga wannan sashe na dandalin zuwa wancan. An fara shi a 1956, daga 1959 kuma har ta cikin dutsen Matterhorn da aka gina yake ratsawa. A watan Nuwamba na 1994 aka rufe shi, aka kwashe igiya da guguna, aka toshe kafofin dutsen. Tashar nan ta kan tudu kaɗai aka bari. Dattijon ya ce cikin gugan nan suka hau shi da matarsa tun ba su yi aure ba, ga shi ta riga shi gidan gaskiya. Muka yi tsaye kamar minti biyar, muka juya.

A watan Yuni na 2016 aka rushe tashar, domin ana share fili a gina sabon sashe mai eka 14 na labarin Star Wars, wanda aka buɗe a 2019. Da na buga masa waya, ga abin da ya faɗa mini wanda ya tsaya mini a rai: ranar da aka rufe Skyway bai ji zafi sosai ba, amma ranar da katafila ta hau tudun nan sai da ya kasa cin abinci.

To, a nan fa abin mamakin yake. In a kan amfani ake magana, ai asarar tun 1994 aka yi ta. Shekara 22 gidan nan ya yi ba ya ɗaukar kowa, ba ya sauke kowa. Me ya sa rasa gawar ya fi rasa mai ran ciwo? Abin da na gano shi ne, tunawa ba ta iya tsayuwa ita kaɗai, sai ta sami abin jingina. Muddin tashar tana nan, dattijon yana iya nuna wa wani baƙo irina ya ce "nan ne", ni kuma in gani da idona in gaskata. Kufai shaida ne. Ran da aka share shi, labarin ya koma cikin kan tsoho guda, in ya faɗa a ce ruɗin tsufa ne, in ya mutu kuwa shi ke nan. Don haka ne mutum kan bi ta kufan garinsu ya tsaya a gindin kukar da ta saura, ko da ba bango ko ɗaya a tsaye.

Amma fa kada mu yi wa masu wurin rashin adalci, gama suna da hujja, kuma ba ƙarama ba ce. Filin nasu ne, gari ya kewaye shi ta ko'ina, ba su da inda za su faɗaɗa sai sun taɓa tsohon abu. Walt Disney da kansa, tun kafin rasuwarsa a 1966, ya sha faɗin cewa ba za a taɓa gama ginin Disneyland ba, kullum za a yi ta sakewa. Bugu da ƙari, yaron da aka haifa a 2010 shi ma yana da hakki. Don me za a hana shi sabon wurin da zai gina tasa tunawar, saboda wani tsoho yana son ya riƙa leƙen ruɓaɓɓen katako sau ɗaya a shekara? Akwai son kai cikin begen jiya, wannan ba na musunsa.

Har ila yau akwai wadda ta fi wannan kaifi. Shi kansa Disneyland a kan kufan wasu aka gina shi. Kafin 1954 wurin gonakin lemo ne, da gidajen manoma a ciki. Aka tumɓuke itatuwa, aka kawar da gidaje. Ashe tashar da dattijona yake kuka a kai ita ma ta taɓa zama sabon ginin da ya share tunawar wani. In ya ce a tsayar da agogo, a wace shekara za a tsayar? A 1994, ko a 1956, ko lokacin lemo? Kowa shekarar ƙuruciyarsa zai zaɓa. Na daɗe ban sami amsar wannan ba, kuma har yanzu ba na cewa na same ta duka.

Wani abokina da muka yi gardama da shi ya ƙara da cewa, ai gidan ma tun asali na bogi ne, kwaikwayon Suwizalan ne aka yi don a karɓi kuɗin mutane, me za a adana a jikin ƙarya? Wannan kam ban yarda da ita ba. Gidan na kwaikwayo ne, amma saurayi da budurwar da suka hau matakalarsa ba na kwaikwayo ba ne. Shekara 38 mutane suna taka wuri da farin ciki da fargaba, ai ya isa ya mai da shi na gaske.

Masana falsafar Girka sun yi irin wannan muhawara. Fulutak ya ba da labarin jirgin ruwan Tisiyas da mutanen Atina suka adana: duk katakon da ya ruɓe sai su cire su sa sabo, har aka shiga gardama ko jirgin nan shi ne na asali ko kuwa wani ne dabam. Disneyland jirgin Tisiyas ne. To, amma a lura da abin da kamfanin yake sayarwa. Ba lilo kaɗai yake sayarwa ba, lilo kam akwai shi ko'ina. Abin da ke sa uba ya biya kuɗi masu yawa shi ne ya kai ɗansa inda ubansa ya kai shi. Watau kamfanin yana cin kuɗi ne a kan cewa jirgin nan shi ne dai na jiya. A nan nake ganin hakkin ya samo asali. Wanda ya ce wa mutane su kawo masa ƙuruciyarsu su ajiye, ya kuma karɓi lada a kai, ya zama mai riƙon amana, ko kotu ba ta san da ita ba. Ba zai yiwu ranar talla ya ce wurin na kowa ne, ranar rushewa kuma ya ce filinsa ne shi kaɗai ba.

Ban ce amanar tana nufin kada a taɓa kome ba. Hanyar jirgin PeopleMover, wanda ya yi aiki daga 1967 zuwa 1995, ta yi fiye da shekara 20 a tsaye bisa kan mutane ba abin da ke bi ta kanta tun da aka dakatar da wanda ya gaje shi a 2000, kuma ban ga wanda wannan ya girmama ba. Barin abu ya ruɓe don rushe shi da tsada sakaci ne kawai, kada a kira shi adanawa. Ita ma tashar tudu, in za a faɗi gaskiya, ba don ƙauna aka bar ta shekara 22 ba, don ba a bukaci wurin ba ne. Abin da nake nema shi ne a sa kufan cikin lissafi tun ana zanen sabon gini, a tambaya ko za a iya kewaye shi, in kuwa ba hali, a sanar da mutane su zo su yi sallama.

Sun kuma nuna suna iyawa in sun so. Da aka rufe jirgin Mine Train Through Nature's Wonderland a 1977, aka gina Big Thunder Mountain a wurin a 1979, an bar wasu 'yan ƙananan gidajen garin Rainbow Ridge na tsohon jirgin cikin sabon. Da aka rufe wasan Country Bear Jamboree a 2001, an rataye kawunan dabbobin nan uku na wasan a wani lungu cikin abin hawan Winnie the Pooh, sai wanda ya waiwaya zai gan su. Ni dai gidajen sun fi kwanta mini, domin kawunan sun fi kama da ɗan goron da ake ba mutum don ya yi shiru. Amma dattijona bai sami ko goron ba.

Kafin mu fita ran nan ya bi da ni ta sashen Adventureland, ya nuna mini wani dogon itacen dabino kusa da inda ake shiga kwalekwalen Jungle Cruise. An shuka shi a 1896, na iyalin Dominguez ne, waɗanda suka sayar da gonarsu aka gina dandalin. Masu gini suka bar shi. Dubban mutane suna wucewa ta gindinsa kullum, sun ɗauka cikin kayan adon kurmin bogi yake. Na tambayi dattijon ko ya taɓa tunanin manoman nan sa'ad da yake cikin guga shi da budurwarsa. Ya yi dariya ya ce, "Ko sau ɗaya, ɗana."