Wa Zai Shaidi Mai Shaida?

Da wuya a rasa gida a Boɗinga ko Shagari wanda babu tsohon kuɗi a cikinsa, ko a gindin adakar kaka ko a cikin wani gwangwani da aka manta da shi: anini mai huji da tauraro, taro, sisi, sule. Kuɗi ne da suka daina sayen komai tun bayan da naira ta maye gurbin fam ran 1 ga Janairun 1973, a lokacin da ɗan wannan yankin, Alhaji Shehu Shagari, yake riƙe da ma'aikatar kuɗi ta tarayya. Yanzu waya ta farfaɗo da su. Yaro zai ga hoton anini irin na kakarsa a wani gwanjon intanet, an rubuta masa lamba a gefe, an sa masa farashin da zai sayi ɗan maraƙi. Sai shi ma ya goge nasa da toka (ba tare da sanin cewa gogewar rage masa daraja take yi a wurin masana ba), ya ɗauki hoto, ya rubuta cewa nasa ma lamba ɗaya ne.

Ita wannan lambar tana da asali. A 1949 wani Ba'amurke, William Sheldon, ya tsara ma'auni daga 1 zuwa 70 don auna lafiyar tsohon kwabo: 1 shi ne wanda ya suɗe har da ƙyar ake gane shi, 70 kuma wanda ko da gilashin ƙara girma ba a ganin tabo a jikinsa. Tsakanin 64 da 65 idon irinmu ba ya ganin bambanci, amma farashi kan ninka. Saboda haka a 1986 aka kafa kamfanin PCGS, a 1987 kuma NGC, aikinsu su duba kwabo, su ba shi lamba, su rufe shi a cikin ƙwanson roba da tambarinsu. Da abin ya karɓu, sai wasu ƙananan kamfanoni suka ɓullo, waɗansunsu ba kowa ba ne illa mai kayan da kansa: ya sayi roba da injin buga takarda, ya raɗa wa kansa suna mai kwarjini, ya dinga raba wa kwabbansa 67 da 68. Abin ya kai ga a 2007 kasuwar eBay ta taƙaita kamfanonin da za a iya kafa hujja da lambarsu a tallar kaya.

Mutum biyu ne a nan, kuma bai kamata mu haɗa su a kwando ɗaya ba. Akwai wanda ya yabi kayansa da bakinsa. Wannan mun san shi tun kafin intanet. Shi ne mai ragon da yake rantsuwa cewa dabbarsa ba ta taɓa tari ba. Ba ma jin haushinsa sosai, domin mun san inda yake tsaye. Idan ya ce goma, mu ji bakwai, mu taya, ya ce albarka, har a daidaita. Yabon mai kaya yana zuwa da ragin da ke cikinsa. Na biyun shi ne wanda ya ari rigar baƙo, ya tsaya gefe kamar ba ruwansa da cinikin, ya ce shi shaida ne kawai. Mai yiwuwa lambar da ya bayar ba ta fi ta na farkon ƙarya ba. Laifinsa shi ne ya sace mana ragin nan da muke yi, ya sa muka ajiye hattararmu a daidai wurin da muka fi bukatarta. Ƙaryarsa a kan kansa take, kafin ta kai ga kwabon.

Malamanmu sun daɗe da sanin wannan ƙofar. A fikihun Malikiyya, wanda aka karantar a Sifawa lokacin zaman Shehu Usmanu a can, kuma Malam Abdullahi ya yi ta rubutu a kansa, ba a karɓar shaidar wanda zai jawo wa kansa amfani da ita. Mai sayarwa kuma wajibi ne ya bayyana aibin da ya sani, in ya ɓoye, mai saye yana da damar mayar da kaya. Har ila yau, idan alƙali bai san mai shaida ba, sai a nemo waɗanda za su shaidi adalcinsa, abin da ake kira tazkiyya. Abin mamaki, kasuwar kwabban Amurka ta isa wannan wurin da ƙafarta: a 2007 aka kafa wani kamfani, CAC, wanda ya fara da duba kwabban da manyan kamfanonin suka riga suka ba lamba, ya manna ɗan koren tambari idan ya gamsu. Mai shaidar mai shaida ke nan. To, shi kuma wa zai shaide shi? In dai tambari ne kawai abin dogaro, tsanin ba shi da ƙarshe.

Sai dai a nan akwai abin da zai hana mu saurin yanke hukunci. Ko kamfanin kirki ma, mai kaya ne yake biyansa kuɗin dubawa, kuma mai kaya babbar lamba yake so. Idan karɓar kuɗi daga mai kaya shi ne ke ɓata shaida, to dillalin kara ma ya faɗi, tunda la'adarsa daga cinikin take fitowa. Amma mun san dillalan da idan suka dafa sa suka ce lafiyarsa ƙalau, ba ma sake buɗe bakinsa. Me ya raba su da mai roba da tambari? A ganinmu, abin da zai same su ne in maganarsu ta tashi ƙarya. Dillalin yana nan kasuwa mai zuwa, an san gidansu, an san surukansa, akwai sarkin kasuwa da za a kai ƙara wurinsa, kuma wani lokaci daga aljihunsa ake cike asarar. Manyan kamfanonin ma da wannan suka tsira: sun ɗauki alkawarin biyan diyya idan kwabon da suka shaida ya fito jabu. Mai tambarin bogi kuwa babu abin da ya jingina. Gobe zai sake suna.

Kada kuma mu cika yabon kasuwarmu. Sanayyar da ke tsare ɗan gari ita ce ke barin baƙo a fili, kuma sau nawa kara ta hana mutum mayar da kaya don dillalin abokin babansa ne? An ƙirƙiro lamba ne domin wanda ba shi da kowa a kasuwa ya iya saye daga wanda bai taɓa gani ba, kuma wannan alheri ne na gaske. Matsalarta ita ce tana nuna tabbacin da babu shi. Sanannen abu ne a wannan sana'a cewa ana fasa roba, a sake aika kwabo ɗaya ga kamfani ɗaya, ya dawo da wata lambar. Ra'ayin mutum ne aka sa masa kayan lissafi.

Mu masu saye ma muna da namu kason. Kakanninmu kan buga sule a kan dutse su saurari ƙararsa kafin su karɓa. Mu kuwa muna son lamba ne don ta ɗauke mana wahalar koyon duba abu, wani lokaci kuma don ta gaya mana abin da kwaɗayinmu yake son ji. Da wannan halin muke sayen waya da aka ce 'yar Landan ce, da iri da takin da aka buga wa hatimi, da ragon layya da muka gani a hoto kawai. Shi kuma yaron da ya rubuta lamba ɗaya a kan aninin kakarsa, galibi bai san ma akwai ma'aunin 70 ba. An buga anini da yawan gaske shekara da shekaru, kuma mafi yawan waɗanda ke cikin gwangwanayenmu sun sha hannu har sun suɗe. Abin da ɗan kasuwar tsofaffin kuɗi zai biya a kansu ɗan kaɗan ne, in ma ya saya.