Jikokin Mai Riƙe da Littafi

Kwana biyu bayan bikin Diwali, a gidaje da yawa na arewacin Indiya, akan jera alƙalami da gidan tawada da takarda a gaban wani hoto, a yi musu addu'a. Masu wannan al'ada su ne Kayasta, kuma sunan bikin a bakinsu kalam-dawat. Kunnen Bahaushe ba zai rasa jin alƙalami da tawada a ciki ba, don duka daga Larabci suka fito.

A imanin Hindu, Citragupta ne ke rubuta ayyukan kowane mutum, ya miƙa wa Yama mai hukunta matattu. Sun ce daga jikin Brahma ya fito, jiki kuwa a Sanskrit shi ne kaya. Kayastan arewa suna cewa su jikokinsa ne ta 'ya'yansa goma sha biyu, inda aka samu zuriyoyi irin su Sribastaba da Matur da Saksena. Abin da tarihi ya tabbatar ya fi wannan sauƙi: magatakarda ne. Sun riƙe wa sarakunan Hindu lissafin ƙasa da haraji, da Mugal suka zo suka koyi Farisanci, da Turawan Ingila suka zo suka koyi Turanci.

Mu da muke rubuta manhajar kwamfuta, labarin nan yana taɓa mu. Wanda ya ce kakansa ne ke rubuta zunubin mutane ya ɗora wa kansa nauyi: in ya ƙara sifili a littafin haraji, kakan nasa na gani. Samun sana'ar da ta ɗauki adana bayanai a matsayin amana abu ne da za mu so a ofisoshinmu. To amma labarin da ya tsarkake alƙalamin shi ne kuma ya kewaye shi da shinge. In rubutu gadon jini ne, ɗan majemi da ɗan mai shara ba su da rabo a ciki, alhali gonarsu da bashinsu suna cikin littafin da ba za su iya karantawa ba. Mun san sana'ar gado a ƙasar Hausa, ta maƙera da mahauta da wanzamai, sai dai a Indiya addini da doka sun taru sun ƙara wa shingen ƙarfi.

Abin mamaki, masu rubuta wasu su ma an rubuta su. Hindu sun kasa al'umma gida huɗu, Kayasta kuwa ba su zauna daidai a ko ɗaya ba. Babbar kotun Kalkata a 1884 ta sa su cikin Shudra, gida na ƙasa. Ta Patna a 1926 ta ce Kshatriya ne, gidan mayaƙa da sarakuna. Duk wanda ya taɓa tsara fom mai akwati huɗu, sannan mutum na biyar ya iso, ya san irin wannan rikici. A nan kuwa rabon gado da matsayin 'ya'ya ne suka rataya a kan akwatin.

Wasu sun ajiye sunan. Lal Bahadur Shastri, firaministan Indiya daga 1964, ya yar da Sribastaba. Haka mawaƙi Haribansh Rai, wanda ya ɗauki Bachchan, sunan da ɗansa Amitab ya kawo har gidajen sinima na Kano. Mun yaba musu, amma yabonmu da iyaka. Sun ajiye sunan, ba su ajiye gidan da ake karatu tun kaka da kakanni ba. Ɗan Dalit da ya canja suna har yau ana tambayarsa ƙauyensu da sana'ar ubansa. Ƙidayar da jihar Bihar ta fitar a 2023 ta nuna Kayasta ba su kai kashi 1 cikin 100 na jama'arta ba, amma daga cikinsu, kuma daga jihar, aka samu Rajendra Prasad, shugaban Indiya na farko.