Rajistar Zuwa Aiki Ita Ma Mudu Ce

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya halicci dare da yini, Ya sanya rana da wata suna tafiya bisa ƙidaya domin bayinSa su san lissafin lokutansu. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. 

A wannan mako takarda ce ta zo mana daga Yelwan Yawuri, daga wani akawu wanda ya roƙe mu kada mu ambaci sunansa ko na ofishinsu. Shi ne mai riƙe da rajistar zuwa aiki, watau littafin nan da kowane ma'aikaci kan rubuta sunansa da lokacin isowarsa. An umurce shi da ƙarfe takwas da rabi ya ja layi da jan biro, duk wanda ya sa hannu a ƙarƙashin layin ya makara ke nan. To, abokan aikinsa sun matsa masa lamba. Wannan ya ce a bar masa gurbi a saman layi, wancan ya aiko a sa masa hannu, wani kuwa ya iso ƙarfe goma ya rubuta takwas saura kwata. In ya ƙi, a ce ba shi da zumunci, har wasu sun fara ƙin amsa gaisuwarsa. In ya yarda, zuciyarsa ba ta natsuwa. Shi ne yake tambaya ko akwai laifi a shari'a, tun da yake kuɗin na gwamnati ne, kuma albashin ma ba kullum yake zuwa a kan kari ba.

Malam akawu, Allah Ya saka maka da alheri, domin tambayarka ta shafi dubban mutane, daga masinja har zuwa babban sakatare.

Abin da za mu fara sani shi ne aikin albashi ƙulla ciniki ne, wanda malaman fiƙihu ke kira ijara. A cikin Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan malamanmu, an nuna halaccin ijara ya rataya ne ga a yanke wa'adi, a kuma ambaci lada. Malamai sun kasa ma'aikata gida biyu. Akwai wanda aka ɗauka domin ya gama wani aiki, kamar tela ko masassaƙin jirgi. Wannan ba ruwanka da sa'ad da ya tashi barci, muddin ya cika alkawari. Akwai kuma wanda aka ɗauka domin lokacinsa, kamar malamin makaranta da akawu da malamin asibiti. Shi wannan sa'o'insa ya sayar, daga lokacin buɗe ofis zuwa lokacin tashi sun fita daga hannunsa, sun zama haƙƙin wanda ya ɗauke shi. Allah kuwa Ya buɗe Suratul Ma'ida da umurtar muminai su cika abin da suka ƙulla.

Dubi Annabi Musa, amincin Allah ya tabbata a gare shi. A cikin Suratul Ƙasasi an ba mu labarin yadda dattijon nan na Madyana ya ɗauke shi aiki na shekara takwas, in ya ga dama ya cika goma, bayan 'yar dattijon ta yabe shi da hali biyu, ƙarfi da amana. Buhari ya ruwaito daga Ibn Abbas cewa mafi tsawon wa'adin biyu ya cika. Babu rajista a dajin da yake kiwo, babu mai jan layi, amma ga shi ya ba da ƙari a kan abin da ya wajaba a kansa.

Yanzu mu shiga kasuwar Yelwa. Idan ka sayi shinkafa ka tarar an buga gindin mudun ya shige ciki, ko ka sayi buhun albasa ka iske manyan a baki, ƙanana da ruɓaɓɓu a ƙasa, ai ba za ka yi shiru ba, har wurin sarkin kasuwa sai ka kai ƙara. Suratul Muɗaffifina ta fara ne da alkawarin azaba ga masu irin wannan hali, waɗanda in za su karɓa su cika ma'auni, in za su bayar su tauye, kuma tauye mudu yana cikin abin da ya halaka mutanen Annabi Shu'aibu. To, ma'aikacin da ke ƙidaya albashinsa a ƙarshen wata, in an rage masa naira ɗaya ya rubuta takardar kuka, alhali shi kullum sai ya yanke sa'a guda da safe, me ya raba shi da mai bugaggen mudu? Mu yi lissafi. Sa'a 1 a kowace rana, a kwana 20 na aiki, sa'a 20 ke nan a wata, 240 a shekara. In aka raba wannan da sa'a 8 na yinin aiki, an sami kwana 30 cif. Watau ya karɓi ladan fiye da wata guda wanda bai yi wa gumi ba, da shi ya ciyar da iyalinsa, da shi ya yi layya.

Batun cewa kuɗin gwamnati ba na kowa ba ne, wannan shi ne ya fi komi hatsari. Wanda ya cuci mutum ɗaya yana iya zuwa ya nemi gafararsa. Wanda ya cuci baitulmali fa, wa zai je ya roƙa? Masu haƙƙin su ne matar da ta shiga kwalekwale tun asuba daga wani gungu da yaronta yana zazzaɓi, ta iso ɗakin shan magani ta tarar da kwaɗo a ƙofa, ta zauna har azahar, ga masu jirgi suna shirin komawa. Su ne yaran wata tunga a ƙasar Shanga ko Ngaski da ke zaune a aji ba malami, domin malamin ya maida Litinin ranar tafiya, Alhamis ranar komawa gida. Su ne tsohon da ya biya kuɗin mota daga Wara sau uku domin takarda ɗaya. Duk waɗannan za su tsaya gobe kiyama, kuma kowannensu ya san fuskar wanda ya jira.

Sa'an nan ga laifi na biyu, wanda ya fi na farkon. Makara gazawa ce, tana iya samun kowa. Amma wanda ya iso ƙarfe goma ya rubuta takwas ya haɗa makara da ƙarya, kuma ƙarya rubutacciya. Wanda ya sa wa abokinsa hannu ya shaida cewa wane yana nan alhali ba ya nan, wannan kuwa reshe ne na shaidar zur, wadda Manzon Allah, Sallallahu Alaihi Wasallama, ya lissafa cikin mafi girman manyan zunubai. Haka kuma ya gaya mana alamomin munafuki uku ne, ƙarya a zance, saɓa alkawari da cin amana. Mai hankali ya duba ya ga guda nawa ke taruwa a layi ɗaya na wannan littafi.

Hukumomi sun daɗe suna fama da wannan cuta. A 1975 gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami ma'aikata fiye da 10,000 bisa zarge-zarge iri iri, har da lalaci da rashin iya aiki. A 1984 gwamnatin Buhari da Idiagbon ta ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, aka riƙa rufe ƙofar ma'aikata, har aka sa waɗansu makararru tsallen kwaɗo. Jama'a suka riƙa sammako, amma da bulalar ta kau sai da yawa suka koma gidan jiya. A 2007 Gwamnatin Tarayya ta fara tsarin biyan albashi ta kwamfuta mai suna IPPIS, a watan Fabrairu na 2016 kuma Ma'aikatar Kuɗi ta ba da sanarwar cire sunaye 23,846 na ma'aikatan bogi bayan an gwada su da lambar banki ta BVN. Waɗannan sunaye ba aljannu suka rubuta su ba, mutane ne masu salla da azumi suka riƙa sa hannu a bauca wata bayan wata.

Ba mu ce tsari ba shi da amfani ba. Sayyidina Umar ɗan Haɗɗabi shi ya fara kafa diwani, watau littafin sunayen masu karɓa daga baitulmali, domin kada a ba wanda bai cancanta ba, kada kuma a manta da mai haƙƙi. Saboda haka rajista, ko na'urar dangwala yatsa da waɗansu ma'aikatu suka kawo a yanzu, abu ne da shari'a ke maraba da shi, bai kamata Musulmi ya ɗauke shi cin fuska ba. Sai dai kowace dabara da iyakarta. Na'ura tana bukatar lantarki, ga mu kuwa a bakin tafkin da madatsar Kainji ta tara tun 1968, amma kowa ya san yadda wuta take a garuruwanmu. Lebura wanda aiki ya goge masa zanen yatsa, na'urar kan ƙi shaida shi. Malamin gona da masu allurar rigakafi aikinsu a ƙauye yake, ba a auna su da zaman ofis. Bugu da ƙari, na'ura tana ganin shigar mutum da fitarsa ne kurum. Wanda ya dangwala yatsa ƙarfe takwas ya zarce kasuwa, ko ya zauna gindin bishiya yana latsa waya har la'asar, a wurinta cikakken ma'aikaci ne. Amma Suratul Infiɗari ta gaya mana akwai marubuta masu daraja tare da kowannenmu, sun san abin da muke aikatawa, kuma ba a roƙonsu su bar gurbi a saman layi.

To, in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Mudun nan baki biyu gare shi, kuma shugabanni su ne a ɗaya bakin. Ibn Majah ya ruwaito umurnin a biya ma'aikaci kafin guminsa ya bushe. Buhari kuma ya ruwaito cewa cikin mutum uku da Allah da kanSa zai yi husuma da su ranar kiyama akwai wanda ya ɗauki ma'aikaci, ya karɓi cikakken aiki, ya hana shi ladansa. Shugaban da ya jinkirta albashi alhali kuɗin yana hannu, ko ya riƙe mutane bayan lokacin tashi ba lada, shi ma ya tauye mudu. Haka wanda ke isowa sha ɗaya ya aika wa masinja takardar tuhuma don ya makara da minti goma, ko wanda ke kau da kai ga ɗan gidan wane ya hukunta marar gata. Amma zaluncin shugaba bai halatta wa ma'aikaci rubuta ƙarya ba. Ya nemi haƙƙinsa a fili, ta hanyar ƙungiyarsu da manyansa, domin matar nan mai yaro ba ita ta riƙe masa albashi ba.

Ga shawarwarinmu ga masu riƙe da ofisoshi. A ajiye littafin a inda kowa ke gani, shugaba ya fara sa hannu da kansa. A buɗe gurbi na rubuta uzuri, domin wanda jirgi ya makarar da shi, ko iska ta hana ƙetare ruwa, ko ya kwana jinya, ya sami inda zai faɗi gaskiya ba tare da an wulaƙanta shi ba. Galibi tsoron wulaƙanci ne ke koya wa mutane ƙarya. Mai fita aiki waje ya rubuta inda za shi, hakimi ko mai unguwar wurin ya shaida zuwansa. Wanda aka tura ƙauye mai nisa a duba masa wurin kwana, kada a ɗora wa rai abin da ba ta iyawa. A yanke wa sallar azahar lokaci sananne. Salla farilla ce, ba mai ikon hana ta, amma alwala da raka'a huɗu ba su cin sa'a biyu, kuma malamai sun ce wanda aka ɗauka domin lokacinsa ba ya shagala da nafilar da za ta tauye aikin sai da izni. Ko sallar Juma'a, Allah cewa Ya yi in an ƙare a watsu a nemi falalarSa.

Kai kuwa Malam akawu, amsarka ita ce kada ka bar gurbi, kada ka sa wa kowa hannu, domin littafin amana ce a wuyanka, kuma mai taimako a kan saɓo yana da kasonsa. Amma ka bi su da lalama. Ka sami manyan cikinsu ɗaya bayan ɗaya, ka ce musu tsoron Allah ne ya hana ka, ba ƙiyayya ba. Ka ci gaba da gaishe su ko ba su amsa ba. Wanda ka san uzurinsa na gaskiya ne, ka rubuta lokacin da ya iso daidai, sa'an nan ka tsaya masa a gaban shugaba. Abin da ya wuce kuwa ka tuba, wanda ya san ya ci sa'o'in jama'a ya rama su da ƙarin aiki gwargwadon ikonsa. Gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba, watakila wani a cikinsu ya gode maka wata rana.

Allah Ya tsarkake mana abincinmu, Ya sa mu cika mudu a kasuwa da ofis, Ya ba shugabanninmu ikon yin adalci, Ya sa mu karɓi littattafanmu da hannun dama, amin. Masu tambayoyi su ci gaba da aiko mana. Sai mako mai zuwa in Allah Ya kai mu.